Fitilar tsaro ta LED

Fitilar tsaro ta LED fitila ce da ake kafawa a wajen gini, kamar bakin ƙofa, katanga, tsakar gida ko wurin ajiye motoci, domin haskaka wuri da daddare da kuma hana ɓarawo samun wurin ɓuya. Ana amfani da ita a gidaje, shaguna, makarantu, asibitoci da rumbunan ajiya. Fitilar ba ta tare kowa da kanta. Aikinta shi ne ta sa maigadi, maƙwabci ko kyamarar tsaro su ga wanda ya kusanto. Saboda haka amfaninta ya fi dogara da inda aka kafa ta fiye da ƙarfin haskenta.

Tarihi

LED ƙaramin ƙwai ne da ke fitar da haske idan wutar lantarki ta ratsa shi, ba tare da ƙona zare ba kamar tsohon ƙwan lantarki. A shekarar 1962 Nick Holonyak ya ƙera LED mai jan haske a kamfanin General Electric da ke Amurka. A farkon shekarun 1990 masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da LED mai shuɗin haske, kuma wannan aiki ya sa aka ba su kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks a shekarar 2014. Da aka shafa wa shuɗin ƙwan wani sinadari mai sauya launi sai aka samu farin haske, wanda ake amfani da shi a fitilun waje a yau.

Dalilan da suka sa ake fifita ta

Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da haske kimanin lumen 800, yayin da LED ke ba da irin wannan haske da wat 8 zuwa 10 kacal. Tsohon ƙwai yakan yi aiki na kimanin awa 1,000, amma LED mai inganci na iya kaiwa awa 25,000 ko fiye. Haka kuma tana kamawa nan take da cikakken haske, ba kamar fitilun sodiyam na kan titi ba, waɗanda ke ɗaukar mintuna kafin su yi ƙarfi. Ƙarancin cin wutarta ne ya sa ake iya haɗa ta da batir da farantin sola, abin da ke da muhimmanci a wuraren da ake yawan ɗauke wuta, kamar garuruwan Najeriya da Nijar.

Nau'o'i

Akwai fitila mai gano motsi, wadda ke kamawa idan na'urarta ta ji ɗumin jikin mutum ko dabba na wucewa, sannan ta mutu bayan ɗan lokaci. Akwai mai kunna kanta idan duhu ya yi, ta kashe kanta da wayewar gari. Akwai babbar fitila mai watsa haske a fili mai faɗi, da kuma mai aiki da hasken rana, wadda ba ta buƙatar waya daga cikin gida.

Yadda ake kafa ta

Ana fara haskaka wuraren shiga: babbar ƙofa, ƙofar baya, tagogin ƙasa da lungun da ke tsakanin gini da katanga. Ana ɗaga fitilar inda hannu ba zai kai ba, a karkata fuskarta ƙasa. Fitila ɗaya mai tsananin haske tana kashe idon mai kallo, ta kuma bar baƙar inuwa a bayan mota ko bishiya, inda mutum zai iya laɓewa. Shi ya sa fitilu da yawa masu matsakaicin haske suka fi ɗaya mai ƙarfi. Idan akwai kyamara, ba a sa fitila ta fuskance ta, domin hakan na ɓata hoton.

Fitilar waje tana buƙatar kariya daga ruwa da ƙura. Alamar IP65 a jikinta na nufin ƙura ba ta shiga, kuma tana jure feshin ruwa. A lokacin hunturu ƙura kan rufe farantin sola ta rage cajin batir, har fitilar ta mutu kafin asuba, don haka ake goge shi a kai a kai.

Abin da bincike ya nuna

Sakamakon bincike bai zo iri ɗaya ba. Wani nazari da Brandon Welsh da David Farrington suka fitar a shekarar 2008 ya nuna cewa laifuka sun ragu da kimanin kashi 21 cikin 100 a wuraren da aka inganta fitilun titi. Wani gwaji da aka yi a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York a shekarar 2016 ya nuna raguwar manyan laifukan dare a waje da kusan kashi 36 cikin 100 bayan an ƙara fitilu. Sai dai wani bincike na shekarar 2015 a Ingila da Wales bai samu shaidar cewa rage fitilun titi ya ƙara yawan laifuka ba. Waɗannan bincike sun shafi tituna da unguwanni ne, ba gida ɗaya ba.

Matsaloli

Hasken da ya tsallaka katanga ya shiga ɗakin maƙwabci yana hana barci, yana kuma jawo saɓani. Farin haske mai shuɗi-shuɗi yana damun tsuntsaye da ƙwari, wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawara a shekarar 2016 cewa launin hasken fitilun titi kada ya wuce kelbin 3,000. Fitila mai gano motsi kan kama saboda mage ko akuya, har mutanen gida su daina kula ta. A wurin da babu mai gani kuwa, haske na iya sauƙaƙa wa ɓarawo aikinsa. Don haka ake haɗa fitilar da ƙofa mai ƙarfi, makulli mai kyau da sa idon maƙwabta.