Psi, bar da kPa: yadda ake karanta matsin iskar turbo a mota

Turbo na'ura ce da ke cusa wa injin mota iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Aikinta ya yi kama da na zugazugin maƙeri, sai dai ita hayaƙin da injin ke fitarwa ne ke juya ta. Farfela biyu ne a kan sanda guda: hayaƙi ya kaɗa ta farko, ta biyun ta zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin inji. Gudunta kan wuce juyi 150,000 a minti ɗaya. Yawan iska na ba da damar ƙona ƙarin mai, don haka ƙaramin inji mai lita 1.5 yake iya jan abin da a da sai mai lita 2.4. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma sai a 1962 ta shiga ƙananan motocin kasuwa a Amurka.

Dalilin da ya sa batun ya shafi masu mota a Najeriya a yau, siyasa ce ta wasu ƙasashe. A 2009 Tarayyar Turai ta kafa dokar rage hayaƙin da sababbin motoci ke fitarwa, Amurka ma ta tsaurara ƙa'idar shan mai. Kamfanoni suka amsa da ƙanƙanta inji tare da ɗora masa turbo. Motocin da aka ƙera a ƙarƙashin waɗannan dokoki, irin su Ford mai injin EcoBoost, da Honda Civic ta 2016, da Accord ta 2018, da Mercedes C300 ta 2015, su ne yanzu ke sauka a tashoshin Legas da Kwatano a matsayin tokunbo. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ƙaramin inji ya ƙara farin jini. Manyan motocin dakon kaya masu shan gas kuwa, irin su DAF da MAN da Howo, sun daɗe da turbo a jikinsu.

Kowace mota takan zo da ma'aunin ƙasar da aka ƙera ta domin ta. A gareji ɗaya a Kano ana iya samun mota daga Amurka da littafinta ke maganar psi, wata daga Jamus mai maganar bar, da na'urar binciken kwamfuta mai nuna kPa. Mudu uku ke nan ake auna hatsi ɗaya da su.

Ma'aunan da asalinsu

Matsi shi ne ƙarfin da ke danna wani fili, a raba shi da faɗin filin. Psi na nufin nauyin laba ɗaya a kan murabba'in inci ɗaya. Gadon Ingila ne, Amurka ta riƙe shi, kuma shi ne wanda kowane mai faci a Najeriya ke aiki da shi: idan ya ce ya sa wa taya iska 35, psi yake nufi ko da bai ambata ba.

Pascal, wanda ake taƙaitawa Pa, shi ne ma'aunin tsarin awo na duniya, an amince da shi a 1971. An sa masa sunan Blaise Pascal, masanin Faransa da ya sa aka hau dutsen Puy de Dôme da ma'aunin zaiba a 1648, aka tabbatar cewa nauyin iska na raguwa gwargwadon hawa sama. Pascal ɗaya ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa ake ƙirga shi dubu-dubu, wato kPa. Bar ɗaya daidai yake da kPa 100, ba ƙari ba ragi, kuma shi Turai ta fi amfani da shi, haka ma Nijar. Idan aka raba bar gida dubu, kowane kaso shi ne mbar. Tsofaffin motocin Japan da agogunan da ake sayowa daga can sukan nuna kgf/cm², wato nauyin kilo ɗaya a kan murabba'in santimita ɗaya, wanda ya yi kPa 98. Tazararsa da bar kashi biyu ne kacal cikin ɗari, don haka a aikin gareji ana iya ɗaukarsu abu guda.

Lissafin da ya kamata a haddace ɗaya ne: bar 1 = kPa 100 = psi 14.5. Daga nan sauran ke fitowa. Psi ɗaya kPa 6.9 ne. Ƙarin matsi na psi 15 ya ɗan haura bar ɗaya da kaɗan, bar 1.5 kuwa ya kusa psi 22. Galibin ƙananan motocin fetur na aiki tsakanin bar 0.5 da 1.5, masu shan gas sukan wuce haka.

Akwai tarko a rubutun lambobin kansu. Jamusawa da Faransawa suna sa waƙafi inda masu Ingilishi ke sa ɗigo. Takardar da ta fito daga Maraɗi ko Hambug mai ɗauke da 1,2 bar tana nufin bar ɗaya da kashi biyu cikin goma, yayin da 1.900 mbar a rubutun Jamus ke nufin dubu ɗaya da ɗari tara.

Daga ina aka fara ƙirga?

Sauya psi zuwa bar aikin wayar hannu ne. Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne rashin sanin inda sifiri yake.

Iskar da ke kewaye da duniya tana da nauyi. A bakin teku tana danna komai da kPa 101.3, wato psi 14.7. Saboda haka hanyoyin ƙirga biyu ne. Ta farko ta ɗauki matsin iskar waje a matsayin sifiri, ta ƙirga abin da ya ƙaru a kansa kawai. Wannan shi ne matsin agogo, kuma da shi ma'aunin taya da agogon turbo mai allura ke aiki. Ta biyu ta fara daga inda babu iska ko kaɗan, ta haɗa har da nauyin iskar waje. Wannan shi ne cikakken matsi. Turawa sukan bambanta su da harafi a ƙarshe, psig ga na agogo, psia ga cikakke, amma littattafai da na'urori da yawa ba sa damuwa su rubuta harafin.

Ƙwaƙwalwar mota da cikakken matsi take aiki. Sensar da ake kira MAP, wadda ke maƙale a bututun shigar iska, shi take aunawa, kuma shi na'urar bincike ke nunawa idan aka jona ta da kafar OBD-II, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996. Idan na'urar ta nuna kPa 180 a Kano, ba wai turbo na ba da psi 26 ba ne. Sai an cire matsin iskar garin, kusan kPa 96, a rage 84, wato bar 0.84 ko psi 12 da ɗan ɗoriya.

Kuskuren na faruwa ta ɗaya ɓangaren ma, kuma a nan ya fi tsada. Na'urorin binciken Volkswagen da Audi suna nuna cikakken matsi a mbar. Bakanike ya ga ƙwaƙwalwa na neman 1,900, ya jona agogo mai allura ya ga 0.9, sai ya yanke hukuncin turbo ta rasa rabin ƙarfinta. A gaskiya lambobin biyu abu ɗaya suke faɗa. Mai mota ya sayi wata turbo ta hannu, lafiyayyar tasa kuma ta koma kasuwar 'yan gwangwan.

Wannan ruɗani ya girmi motocin yau. A Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jiragen Ingila suna karanta ƙarin matsi a laba, na Amurka suna karanta cikakken matsi a incin zaiba, Jamusawa kuma suna da nasu ma'aunin mai suna ata. Injin Merlin guda, wanda Baturen Ingila zai ce yana kan laba 18, Ba'amurke zai ce yana kan inci 67, kuma dukansu sun faɗi gaskiya.

Incin zaiba, wato inHg, yana nan har yau a agogunan turbo na Amurka. Ɓangaren hagu na agogon, ƙasa da sifiri, a inHg yake, na dama kuma a psi. Allura ɗaya, ma'auni biyu. Injin fetur da ke sulo yana zuƙar iska ta ƙofar totur da ke kusan rufe, don haka allura kan sauka wajen inci 18 zuwa 22 a hagu, na'urar bincike kuma ta nuna kPa 30 ko kusa da haka. Wannan alamar lafiya ce. Injin gas ba ya yin irin wannan zuƙa, allurarsa na zama kusa da sifiri a sulo.

Legas, Kano da Jos

Tunda nauyin iska na raguwa da tudu, sifirin agogo ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Legas yana wajen kPa 101. Kano, mai tudun kusan mita 480, tana wajen 96. Jos ta kai kimanin mita 1,200, matsinta na wajen 88, a tsaunin Mambila kuma ya sauka zuwa wajen 84. Daga nan ake samun gwaji mafi arha da ke akwai: a murɗa makulli ba tare da tada inji ba, a duba abin da sensar MAP ke faɗa. Idan ya yi daidai da matsin garin, sensar na da gaskiya. Idan ta ce 70 a Kano, ba a kai ga zargin turbo ba tukuna.

Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 13 cikin ɗari na iskarsa tsakanin Legas da Jos, ƙarfinsa ya ragu daidai gwargwado. Mai turbo yana iya cike giɓin, amma ba a banza ba. Don kai cikakken matsi na kPa 200, turbo a Legas za ta ninka iskar waje sau biyu, a Jos kuwa sai ta ninka kusan sau 2.3, agogo ya nuna bar 1.12 maimakon ɗaya. Ƙarin juyi ke nan, da ƙarin zafi.

Matsi ba shi ne ƙarfi ba

Matasa masu sha'awar tsere sukan yi alfahari da yawan psi kamar shi ne ƙarfin doki. Ba haka abin yake ba. Abin da inji ke buƙata shi ne nauyin iskar da ta shiga silinda, matsi kuwa ɗaya ne daga cikin abubuwan da ke tantance shi. Ɗayan shi ne zafi. Iska mai digiri 40, irin ta Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ta fi mai digiri 20 sauƙi da kusan kashi shida cikin ɗari tun kafin ta shiga turbo. Dannawa kuma na ƙara mata zafi: idan aka ninka matsinta sau biyu, tana iya haura digiri 120. Shi ya sa ake bi da ita ta intakula, mai kama da lagireto, kafin ta isa inji. Intakular da ƙurar hunturu ta toshe za ta bar agogo yana nuna lamba mai kyau alhali mota ta yi sanyi.

Haka kuma agogon na auna turjiyar da iska ke gamuwa da ita ne. Babbar turbo a kan inji mai faɗin hanyoyi na iya tura iska mafi yawa a psi 10 fiye da ƙarama a psi 15. Kwatanta motoci biyu da wannan lamba kaɗai aikin banza ne.

Iyakar matsin na hannun wata ƙofa da ke karkatar da hayaƙi daga farfela idan an kai adadin da kamfani ya tsara. Masu ɗaure wannan ƙofa ko sauya lissafin ƙwaƙwalwa don neman gudu suna wasa da abin da ba su auna ba. A injin fetur, matsi da zafi idan suka yi yawa, mai kan fashe da kansa ba bisa tsari ba, ya riƙa dukan fistin har ya fasa shi ko ya ƙona gaskit. Kariyar ita ce fetur mai yawan oktan, kuma gidajen mai a Najeriya galibi fetur iri ɗaya suke sayarwa, babu zaɓin da direban Turai ke da shi a bakin famfo. Ƙwaƙwalwar mota ta zamani na jin wannan duka, ta rage matsi don ceton injin. Abin da direba zai ɗauka lalacewar turbo ce, wani lokaci ingancin man ne.

Lambobin gargaɗi biyu ne suka fi fitowa a na'urar bincike. P0299 na nufin matsi bai kai yadda ake so ba, P0234 kuma ya wuce kima. Babu ɗayansu da ke cewa turbo ta mutu. Tsagaggen tiyo, sakakken maɗauri, toshewar matatar iska ko maƙalewar ƙofar hayaƙi duk suna haifar da su, kuma gyaransu bai kai ko kusa da kuɗin turbo ba. Ƙananan na'urorin da ake jonawa da waya suna da tasu iyakar: ma'aunin gama-gari na OBD-II yana tsayawa a kPa 255, don haka a motar da ke wuce bar ɗaya da rabi lambar za ta daskare a nan ko da matsin na ci gaba da hawa.

A doka, Najeriya ta koma tsarin mita tun shekarun 1970, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya awo da ma'auni cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Akwai sashen awo a Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, wanda aka fi sani da duba famfunan gidajen mai da sikelin 'yan kasuwa. Gareji kuwa yana bin abin da jirgin ruwa ya sauke. Direban da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Maraɗi yakan sa iska a psi kafin Jibiya, idan ya tsallaka iyaka ya iya tarar da ma'aunin da ke ƙirga bar, alhali agogon gaban motarsa, in Howo ce, a kPa ko MPa aka rubuta shi. MPa ɗaya bar 10 ne.