Daga Baitulmali zuwa Asusun Haɗaka: Hukumar Kusa da Lafiyar Jama'a a Ƙasar Kano

A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin mulkin Turawa, kira ɗaya ya isa ya tashi gida guda tsaye a birnin Kano: "Ga duba-gari nan!" Nan take sai a zari tsintsiya, a rufe bakin salga, a kifar da tsohon ruwan da ya kwana a kasko. Duba-gari zai yi sallama, ya leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, ya duba kwatami da makewayi, daga nan ya zarce kasuwa ya tsaya a kan mahauta. Wanda aka samu da ƙazanta yana iya tsintar kansa gaban alkali, ya biya tara.

Kwarjinin wannan ma'aikaci ya samo asali ne daga abu biyu. Na farko mai unguwa, wanda ya san kowane gida da mai shi. Na biyu baitulmali, wanda ke biyan albashi da kuɗin da aka tara a ƙasar. Duk wanda ya bi tarihin kiwon lafiya a ƙasar Kano daga farkon ƙarni na 20 zuwa yau zai ga cewa a duk lokacin da waɗannan biyun suka haɗu aiki yana tafiya, in kuwa aka raba su sai ya tsaya.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka tarar da tsarin sarauta da ya sauka daga sarki zuwa hakimi, dagaci da mai unguwa. Ba su da yawan ma'aikatan da za su maye gurbinsa, don haka suka hau kansa. Zuwa 1911 an tabbatar da tsarin baitulmali a masarautun Arewa: harajin da aka karɓa a raba, gwamnati ta ɗauki nata kaso, En'e ta riƙe saura, kowane mai sarauta kuma ya koma kan albashi. Da farko rabi ake bar wa En'e. A ƙarshen shekarun 1920 kason manyan masarautu irin Kano ya kai kashi 70 cikin 100. A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi ya shiga hannun manoma, daga nan ya gangaro baitulmali ta hanyar haraji da jangali.

Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, shi ya gaji wannan taska, kuma a zamaninsa aka yi aikin da ya fi kowanne taɓa lafiyar birnin. Kafin lokacin, mutanen Kano rijiya da kududdufi suka dogara da su. Kududdufan nan ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta cika su, suka zama wurin wanki da shayar da dabbobi, kuma matattarar sauro. En'e ta zuba rarar kuɗinta a aikin ruwa da wuta, aka janyo ruwa daga kogin Challawa zuwa matara a kan Goron Dutse, aka buɗe aikin a 1931. Daga nan famfo ya shiga unguwanni, 'yan garuwa suka samu inda za su cika garwa da ruwa mai tsafta. Kuɗin manomin gyaɗa da makiyayi ne ya yi wannan aiki.

A wannan tsakanin ne kuma aka kafa Asibitin Birni kusa da Ƙofar Mata, a ƙarshen shekarun 1920, wanda yau ake kira Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Ba da daɗewa ba aka buɗe makarantar koyon aikin tsafta ta Kano, inda ake horar da duba-gari, har wasu masarautu na turo nasu yaran. A garuruwan hakimai aka riƙa gina ɗakunan shan magani, kowanne da malamin asibitinsa mai wanke gyambo, ya ba da maganin tari da na zazzaɓi, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura birni. Masu cutar kuturta aka yi musu mazauni a Yadakunya, kamar yadda aka yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A 1937 aka miƙa ragamar kula da waɗannan wurare ga 'yan mishan na SIM, abin da ya kawo magani da ƙwarewa, ya kuma jawo ƙorafi kan wa'azin Kiristanci ga marasa lafiya da 'ya'yansu.

Maƙwabta ma ba su zauna ba. A ƙasar Zazzau, inda ciwon barci ya addabi yankin Anchau, daga ƙarshen shekarun 1930 aka sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka haƙa rijiyoyin siminti, aka tashi jama'a zuwa sabbin matsugunai. Sabon garin da aka gina kusa da Anchau sunansa Takalafiya.

Sai dai wanda ya rayu a ƙarƙashin En'e ba ruwan famfo kaɗai yake tunawa ba. Yana tuna ranar karɓar haraji, da yadda ake shanya wanda ya kasa biya a rana. Yana tuna aikin tilas. Tsaron gari yana hannun dogarai da 'yan doka, waɗanda suka tsare kasuwa da ƙofofi, suka kama ɓarayi, amma kuma su ne aka riƙa aikawa kan 'yan adawa bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agustan 1950. A wannan watan ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, domin talaka ba shi da baki a cikinsa. Ko a harkar lafiya, birni ya sha romo fiye da ƙauye, alhali ƙauye ne ke biyan mafi yawan harajin. Dokar En'e ta 1954 ta yi gyare-gyare, amma ƙorafin bai kwanta ba.

Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka shiga zare wa En'e haƙora. Kafin 1970 ta ƙare, 'yan doka sun narke cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, kurkuku ya koma hannun tarayya, kotunan alkalai sun koma ƙarƙashin jiha. Duk da haka, a daidai wannan lokaci tsohon tsarin ya nuna amfaninsa. Da aka ƙaddamar da yaƙi da cutar agana a Afirka ta Yamma a 1967, hakimai da dagatai ne suka riƙa sa a yi shela, jama'a su taru a ƙofar fada ko a kasuwa, 'yan lamba su bi su ɗaya bayan ɗaya. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, shekaru 10 kafin a shelanta cewa cutar ta ƙare a duniya. Tabon lamba yana nan a damtsen dattawa da yawa.

Garambawul na 1976, a mulkin Janar Olusegun Obasanjo, ya rufe babin En'e. Aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa, da majalisun kansiloli da kaso daga asusun tarayya, sarakuna suka koma masu ba da shawara. A 1979 gwamnatin jam'iyyar PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja. Amma daga nan taskar ƙaramar hukuma ta daina cika daga ƙasa, ta koma jiran abin da za a aiko daga sama. An ci gaba da ƙirƙiro sabbin hukumomi har suka kai 774 a 1996. Kano na da 44, Jigawa da aka cire daga jikinta a 1991 na da 27.

Lokacin da ƙananan hukumomi suka fi taka rawa a kiwon lafiya shi ne zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. Ya ɗauki ƙudurin taron Alma-Ata na 1978 da gaske, wato a kai lafiya inda mutane suke. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, aka bi gida-gida ana lissafa iyalai, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka, aka horar da ungozomomi kan wanke hannu da yanke cibi da sabuwar reza. Iyaye mata suka koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, wanda ya ceci yara masu gudawa da ba a san adadinsu ba. Tsarin Bamako na 1987 ya kawo asusun magani mai juyawa: a sayar da araha, a sake sarowa da kuɗin. Manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 ta ɗora kiwon lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, a 1992 kuma aka kafa hukumar tarayya mai tallafa musu. A waɗannan shekaru gwamnatin tarayya ta koma tura musu kasonsu kai tsaye.

Yaƙi da kurkunu ya bi wannan sawu. Binciken da aka fara a 1988 ya gano masu cutar sama da 650,000 a Nijeriya. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Abin da ya kashe shi shi ne ɗan sa-kai na ƙauye mai raba ƙyallen tace ruwa, yana hana mai ciwo shiga tafki, yana kai rahoto ga jami'in ƙaramar hukuma, da rijiyoyin burtsatse, da tallafin Cibiyar Carter da rangadin Janar Yakubu Gowon. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Nijeriya a 2013.

Amma ginin Ransome-Kuti bai daɗe a tsaye ba. Tallafi ya ja baya a shekarun 1990, sannan sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya sa kuɗin kowace hukuma sai ya ratsa ta hannun gwamna. A wurare da yawa abin da ke isa sakatariya bai wuce albashi ba. Ɗakunan shan magani suka koma ba magani, firjin ajiye rigakafi ya mutu ba mai gyara. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna kashi 13 cikin 100 kacal na yaran Nijeriya ne suka samu cikakken rigakafi, Arewa maso Yamma kuma tana ƙasa da haka nesa.

A wannan yanayi aka shiga rikicin shan inna. A 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da ɗigon rigakafin saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Iyaye suna da tambaya mai nauyi: me ya sa ake bin su har ɗaka da maganin cuta ɗaya kyauta, alhali in yaro ya kamu da ƙyanda ko zazzaɓi asibitin unguwa ba komai? A 2006 an samu yara sama da 1,100 da cutar ta kama a Nijeriya.

Mafita ta zo ne ta tsohuwar hanya. A 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamiti kan kiwon lafiya matakin farko. Aka koma tsara aiki mazaɓa-mazaɓa, a Kano guda 484. Mai unguwa ya riƙa raka ayari zuwa gidan da aka ƙi, shugaban ƙaramar hukuma ya zauna taron yamma ana bin ba'asin aikin yini. Mata 'yan unguwa, waɗanda "ba a shiga" ba ta hana su, suka riƙa halartar suna, suna rubuta jarirai, suna tura masu ciki awo. Aka haɗa ɗigon da sansanonin duba marasa lafiya, domin amsa waccan tambaya ta iyaye. Aikin ya ci rayuka: a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Abokan aikinsu sun koma bakin aiki. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Jihar Kano an same shi a Sumaila a watan Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

A takarda, nauyin da ke kan ƙaramar hukuma bai ragu ba. Jadawali na huɗu na kundin 1999 ya ba ta maƙabartu da gidajen gajiyayyu, mayanka da kasuwanni, banɗakunan jama'a da kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da hannu a kiwon lafiya. A aikace, jiha ta janye da yawa. Sulhun ma'aurata da rikicin ciyar da 'ya'ya, wanda a da ke ƙarewa a zauren mai unguwa ko ofishin walwalar jama'a, yanzu kaso mai yawa yana zuwa Hisbah, wadda dokar jiha ta kafa a 2003. Tsaron dare ya koma hannun 'yan sintiri, waɗanda galibi da karo-karon unguwa suke sayen tocila. Asibitocin matakin farko kuwa, tun bayan manufar 2011 ta tattara su ƙarƙashin inuwa ɗaya, hukumar jiha ke tafiyar da su, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware wa asusun kiwon lafiya na tushe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya.

Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya maye gurbin zaɓaɓɓun shugabanni da kantomomi ba. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa. In ya tabbata, shugabannin hukumomi 44 na Kano za su riƙe taskar da ba wanda ya riƙe irinta kai tsaye tun farkon shekarun 1990, kuma a wannan karon akwai kansiloli da ƙuri'ar jama'a, abin da talakan zamanin En'e bai samu ba. Ayyukan da ke jiransu sanannu ne: ungozoma mai kwana a asibitin mazaɓa, firjin rigakafi mai aiki da hasken rana, burtsatsen da ake gyarawa in ya lalace, da ma'aikatan tsafta da za su bi magudanan ruwa kafin damina ta kawo amai da gudawa.