Rana, Inuwa da Sutura a Tarihin Gidan Bahaushe na Birni

Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bin tarihin fasalin gidan zama a biranen ƙasar Hausa, musamman Kano da Zariya, tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa gidajen da hukuma ta gina bayan mulkin kai. Abin da muke son nunawa shi ne, maginin gargajiya ya samo inuwa da sutura daga tsari guda ɗaya, kuma da aka sauya wannan tsari a ƙarni na 20 sai aka yi hasarar su biyun tare.

Yanayi da Shari'a

Birnin Kano yana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Saboda haka rana takan tsaya cak a kan tsakar ka sau biyu a shekara, watau wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. A bazara zafi yakan kai digiri 40, amma da hunturu dare yakan yi sanyi ƙwarai, ga ƙura daga arewa maso gabas. Hadari kuwa daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowane cin ruwa. Duk mai gini a wannan ƙasa dole ya yi shawara da waɗannan abubuwa.

Abu na biyu shi ne addini. Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. Haka kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai suke karantawa a zaurukanmu tun da daɗewa, ta hana mutum cutar da maƙwabcinsa ta hanyar buɗe tagar da za ta tona masa gida, ko fasa ƙofa daura da tasa. Ashe ke nan sutura haƙƙi ce da alƙali yake iya tsayawa a kanta, tun kafin a san wata dokar tsara gari ta Bature. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya ƙara wa waɗannan hukunce-hukunce ƙarfi a birane.

Tsarin Gidan Gargajiya

Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa, shi ne babban misalin da ya rage mana na tsarin shiga daki-daki, daga fili zuwa soro, daga soro zuwa wani fili. Gidan attajiri da na malami da na talaka duk sun bi wannan tsari gwargwadon hali. Baƙo yakan fara da zaure, inda maigida yake karɓar jama'a, ko ya karantar, ko ya yi sana'arsa. Daga nan sai ƙofar gida, inda ɗakunan samari da na baƙi suke, sa'an nan shigifa, wadda ba ya wuce ta sai muharrami ko yaro. Bayanta ne cikin gida yake, da turaka da ɗakunan mata da madafa da rijiya.

Hikimar da ke cikin wannan jeri ita ce, ba a sa ƙofofin su fuskanci juna. Wanda ya tsaya a bakin zaure bango zai gani, sai ya karkata kafin ya sami ƙofa ta gaba. Wannan karkata da ta tare ido, ita ce kuma take karya ƙurar hunturu da hasken rana. Haka katangar da ta kāre matan gida daga masu wucewa, ita ce take jefa inuwa a tsakar gida, da safe a gefen gabas, da la'asar a gefen yamma. Matan gida sukan bi inuwar nan da turminsu da tabarmarsu, da tsakar rana kuma su koma rumfa ko gindin bishiya. Da bazara a nan ake shimfiɗa a kwana a sarari, ba mai ganin kowa. A waje ma, lunguna ƙunƙuntattu ne masu lanƙwasa, katangu suna yi wa juna inuwa, dattawa kuma suna da dakalinsu a ƙofar zaure.

Kayan ginin su ma sun taimaka. Bangon tubali yana da kauri sosai a gindi, yana sirancewa zuwa sama. Laka mai kauri takan sha zafin yini a hankali, ba ta sake shi cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da ake bukatar ɗumi da hunturu. Rufin soro na azara ne da ƙasa, a shafe shi da laso ko makuba, a sa indararo ya zubar da ruwa. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi in faɗin ɗaki ya wuce misalin ƙafa 6, sai magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda suka ba su damar ɗaga rufi sama, zafi ya tashi ya bar mazauna. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846), shaida ne na inda wannan fasaha ta kai. Taga kuwa ƙarama ce, can sama kusa da rufi.

Zuwan Turawa da Juyewar Gida

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Dokar garuruwa ta 1917 ta raba mazauni kashi-kashi: birni a hannun En'e, Sabon Gari don baƙi, da unguwar Turawa wadda aka keɓe da fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa, wai don gudun zazzaɓin sauro. Gidan Bature a Nassarawa kishiyar gidan birni ne. Ginin yana tsakiyar fili, da baranda da manyan tagogi masu duban waje. Bahaushe ya sa fili a tsakiya ya kewaye shi da ɗakuna, Bature ya sa ɗakuna a tsakiya ya kewaye su da fili. Wannan ya dace da mai eka guda da itatuwa da masu hidima.

Matsala ta taso ne da aka ɗauki wannan fasali aka matse shi a ƙaramin fuloti don ma'aikatan gwamnati, dokokin gini kuma suka ce a bar tazara tsakanin gini da iyakar fili ta kowane gefe. Filin da dā yake dunƙule a tsakar gida sai ya tsattsage ya zama 'yan lunguna marasa amfani. Kwano da bulon siminti suka maye gurbin azara da tubali, alhali kwano yakan zubo zafi cikin ɗaki nan take. Shirin gidaje masu sauƙin kuɗi na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari (1979-1983), wanda ya ƙudurta gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, ya yi amfani da zane kusan iri ɗaya daga bakin teku har zuwa Sakkwato.

Abin da mazauna irin waɗannan gidaje suka yi ya isa hujja. Da zarar mutum ya tare sai ya ja doguwar katanga, ya saki labule a tagogin da aka yi don iska, ya kafa rumfa a baya don girki, ya mai da gareji zaure. Watau da kuɗinsa yake sake gina abin da mai zane ya cire. Inda aka yi bene kuwa, sau da yawa tagarsa takan leƙa tsakar gidan maƙwabci, abin da Risala ta hana, sai matan wancan gida su koma ɗaki cikin zafi.

Kammalawa

Ba mu ce gidan gargajiya ba shi da aibi ba. Laka tana bukatar yaɓe kusan kowace shekara, giginya ta yi ƙaranci, ɗakuna da yawa suna da duhu da ƙarancin iska, kuma cunkoso a irinsu yana taimaka wa yaɗuwar sanƙarau da bazara. Amma waɗannan aibobi ne na kayan aiki da na girman taga, ana iya gyara su ba tare da an rushe tsarin ba. An gwada haka a Yamai a 2016, inda Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka gina rukunin gidaje shida mai suna Niamey 2000 da bulon ƙasa matsattse, hawa biyu, da farfajiyoyi a ciki waɗanda idon waje ba ya kai musu.

Shawararmu ga masu tsara birane da sassan koyar da zanen gini a jami'o'inmu ita ce, a sake duba dokar tazara don a halatta gini a kan iyaka da fili a tsakiya, a kuma sa hukuncin tagar bene cikin sharuɗɗan ba da izinin gini. Ga masana tarihi da harshe kuma akwai aikin gaggawa: a zauna da sarakunan magina da suka rage a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, a rubuta kalmominsu da ƙa'idojinsu tun suna raye.