Tarihin Haramta Kwale-kwale Masu Gudu a Mashigin Jabal Ɗariƙ

Duk wanda ya karanta tarihin Andalus a cikinmu ya san Jabal Ɗariƙ, dutsen da Ɗariƙ ɗan Ziyad ya sauka da rundunarsa a shekarar 711. Yau ana kiransa Jibralta, yana hannun Birtaniya tun 1704. Mashigin ruwan da ke gefensa shi ya raba Maroko da Sifen, kuma inda ya fi ƙunci faɗinsa kimanin kilomita 14 ne kawai.

Wannan kusanci ya daɗe yana ciyar da 'yan fasa-ƙwauri. Taba sigari tana da arha a Jibralta, tana da tsada a Sifen. Tabar wiwi kuwa ana noma ta a duwatsun Rif na arewacin Maroko, kasuwarta tana Turai. Abin da ya haɗa su shi ne kwale-kwalen roba da ake ɗaura wa manyan injuna, ya tsere wa jirgin sintiri cikin dare.

A watan Yulin 1995 gwamnatin Jibralta, bisa matsin lambar Birtaniya, ta ƙwace irin waɗannan kwale-kwale, ta haramta su. Samarin da ke ci da sana'ar suka tayar da tarzoma, amma jama'ar gari suka fito suka mara wa dokar baya. Sana'ar ta lafa a nan, ta ƙara ƙarfi a gaɓar Sifen.

Sifen ba ta bi sahu ba sai a watan Oktoban 2018. Kafin nan, in jandarmomi sun tarar da kwale-kwale babu kaya a ciki, hujjar kama shi takan yi wuya. Sabuwar dokar ta mai da shi kansa haramtaccen kaya: duk na roba da ya wuce mita 8, ko wanda bai kai ba amma injinsa ya kai ƙarfin doki kusan 200, sai wanda aka yi wa rajista domin halattaccen aiki. Malamanmu na Malikiyya sun san wannan ƙa'ida da sunan saddu zari'a, wato toshe ƙofar da ke kai wa ga ɓarna.

Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba. Ƙera kwale-kwalen ya koma Fotugal, masu shi kuma suka daina kawo shi gaɓa, suna kwana a teku, ƙananan jirage na kai musu mai da abinci. Ranar 9 ga Fabrairun 2024, a tashar ruwan Barbate, ɗaya daga cikinsu ya bi ta kan ƙaramin jirgin jandarmomi, ya kashe biyu.

Mu ma mun ga irin wannan kusa da gida. A 2015 hukumomin Nijar sun hana hawa babur a jihar Diffa domin karya lagon Boko Haram, 'yan kabu-kabu da yawa suka rasa abin yi. Hana abin hawa yana rage ɓarna na ɗan lokaci, amma muddin riba tana nan kuma samari suna zaune babu sana'a, wata hanya za ta buɗe. Saboda haka idan irin wannan doka ta zo garuruwanmu, mu bi ta, shugabanninmu kuma su tambayi hukuma tanadin da ta yi wa masu neman halal. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.