Daga tutar Modibbo Adama zuwa New Bell

Masu tarihi na cewa bayan Iskandar na Makidoniya ya rasu a Babila a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daularsa ta tsattsage, amma harshen Girkanci ya zauna daram a kasuwannin Masar da Sham har ɗaruruwan shekaru. Takobi ya buɗe hanya, fatake da malamai suka bi ta. Mu Hausawan Duwala, labarinmu ya yi kama da wannan, sai dai da wani bambanci.

A 1809 Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, aka kafa Fombina, Yola ta zama hedikwatarta a 1841. Sarakunan Ngaundare da Tibati da Banyo Fulani ne, kuma Fillanci ne ya zama harshen fada da na kasuwa a can. Hausawa ba su ci ƙasar da yaƙi ba. Sun biyo bayan mayaƙa da jakuna, da tufafin Kano da kanwa, suna komawa da hauren giwa da goro, har da bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba.

Da Jamusawa suka ci Tibati a 1899, hanyar kudu ta buɗe, ayari ya gangara Yawunde, daga nan sai bakin teku. Ita kanta New Bell ƙwace ne ya haife ta: Jamusawa sun tsara ta ne don su kwashe mutanen Duwala daga gaɓar kogin Wuri su zuba a can. Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Zamanin Faransa unguwar ta koma ta baƙi, Bamileke da Basa da mu.

Abin da ya biyo baya ya fi yawanmu girma. A kudancin Kamaru, duk Musulmin da ya sa babbar riga da hula Bahaushe ne a idon jama'a, ko Bafillace ne ko Babarbare. Naman da ake gasawa a bakin titi kowa na kiransa soya, har wanda bai san kalmar tamu ba ce. Amma ku shiga gidajen New Bell da yamma ku saurara: kaka na tambayar jikanta da Hausa, shi kuwa yana ba ta amsa da Faransanci.