Bakan Gizo a Tulun Gilashi: Kamaluddin al-Farisi da Gyaran Littafin Ibn al-Haisam

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ɗaliban ilimi suna ɗaukar sharhi a matsayin maimaita maganar magabata da ƙarin bayani. Tarihin binciken haske da launi a wurin malaman Musulmi yana nuna cewa sharhi kan zama wurin da ake gyara kuskuren malami, ba tare da an rage masa daraja ba. Misali mafi bayyana shi ne mas'alar bakan gizo, wanda Larabawa ke kira ƙausu ƙuzah.

Ibn al-Haisam da asalin gani

An haifi al-Hasan ibn al-Haisam a Basra wajen shekara ta 354H/965M, ya rasu a Alƙahira wajen 430H/1040M. Kafin zamaninsa, mabiya Iƙlidis da Baɗlimus, har da al-Kindi, suna ganin cewa ido ne ke fitar da haske zuwa ga abin da ake kallo. A cikin Kitab al-Manazir, mai maƙala bakwai, Ibn al-Haisam ya kafa hujja cewa haske da launi su ne ke tasowa daga abin da ake gani, su miƙe, su shiga ido. Ya dogara da abin da ya kira i'itibari, wato gwaji da ake shiryawa a ɗaki mai duhu da ƴar kafa ɗaya, ta yadda duk mai shakka zai iya maimaitawa da kansa.

Sai dai da ya zo kan bakan gizo a wata maƙala ta daban, ya bayyana shi a matsayin hasken rana da ke dawowa daga gajimare, kamar yadda yake dawowa daga madubi mai zurfin ciki. Wannan bayani bai dace da haƙiƙa ba. Tsaransa Ibn Sina, wanda ya rasu a 428H/1037M, ya lura cewa bakan yana bayyana ne a cikin ƙananan ɗigogin ruwa da ke gaban gajimare, amma ya fito fili a littafin al-Shifa ya ce bai gane sababin launukansa ba.

Gwajin Tabriz

Kitab al-Manazir ya shafe fiye da ƙarni biyu ba a cika karanta shi a gabashin ƙasashen Musulmi ba. A Tabriz, Kamaluddin al-Farisi, wanda ya rasu wajen 718H/1319M, ya kai wa malaminsa Ƙuɗbuddin al-Shirazi matsalar da ta shige masa duhu game da karyewar haske. Malamin ya samo masa kwafin littafin, ya kuma ƙarfafa masa gwiwar yi masa sharhi. Sunan da al-Farisi ya ba aikinsa, Tanƙih al-Manazir, yana nufin tacewa da gyarawa.

Al-Farisi ya haɗa lurar Ibn Sina game da ɗigon ruwa da wata maƙalar Ibn al-Haisam kan ƙwallon gilashi mai tara haske har ya ƙona. Tun da ɗigo ya yi ƙanƙanta a bincike shi, sai ya cika tulun gilashi mai siffar ƙwallo da ruwa, ya ajiye shi a ɗaki mai duhu, ya bar hasken rana ya shigo ta kafa ɗaya, ya bi sawunsa. Ya gano cewa hasken yana karyewa yayin shiga, ya bugi bangon ciki ya dawo, sannan ya sake karyewa yayin fita. Wannan ne asalin baka na farko. Idan hasken ya dawo sau biyu a cikin ɗigon, sai baka na biyu ya bayyana a sama da na farko, mai rauni, launukansa a juye. A kusan waɗannan shekaru, wani malamin Kirista a Jamus, Tiyodorik na Firaibag, ya kai ga irin wannan sakamako, kuma shi ma Kitab al-Manazir ya karanta, a fassararsa ta Latin.

Inda binciken ya tsaya

Amanar ilimi ta wajabta a faɗi iyakar wannan nasara. Al-Farisi ya bayyana hanyar da haske ke bi a cikin ɗigo, amma bai kai ga cewa farin haske da kansa tarin launuka ba ne. Wannan sai a hannun Ishaƙ Niyuton na Ingila, wanda ya wallafa a 1672 cewa kowane launi yana karyewa da nasa gwargwado. A 1800 Hashal ya gano wani haske mai zafi a bayan ja wanda ido ba ya gani, a 1801 kuma Rita ya gano wani a bayan shunayya. Daga baya Makswel ya nuna cewa haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu. A yau an san cewa ido yana ganin abin da tsawon igiyarsa ke tsakanin kimanin nanomita 400 zuwa 700 ne kawai, ɗan yanki kaɗan daga jerin da ya haɗa da igiyoyin rediyo.

Kammalawa

Ibn al-Haisam da kansa ya rubuta al-Shukuk ala Baɗlimus, inda ya yi kira ga mai neman gaskiya da ya tuhumi abin da yake karantawa, ya kuma tuhumi kansa. Al-Farisi ya yi aiki da wannan ƙa'ida a kan mai ita: ya karɓi hanyarsa, ya ƙi sakamakonsa a inda gwaji ya saɓa masa. Ɗalibin da ke riƙe da matani da sharhi a yau yana da abin koyi a nan, domin girmama malami ba ya hana a auna hujjarsa. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Shi ne Mafi sani.