Jam'iyya na sauya riga, layin zaɓe na raguwa

Mu 'yan Jega, Aliero da Maiyama mun ga jam'iyyu iri-iri. Kakanninmu sun yi NPC ta Sardauna, iyayenmu suka yi NPN ta Shagari a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Bayan an ƙirƙiro Kebbi a 1991, sai siyasa ta matso ƙofar gida.

A 1999 Adamu Aliero ya zama gwamna a APP, wadda ta koma ANPP. A 2007 jihar ta faɗa hannun PDP da Sa'idu Dakingari, a 2015 kuma APC ta karɓe da Atiku Bagudu. Shi kansa Aliero ya ratsa PDP da CPC da APC, ya sake komawa PDP ya ci kujerar sanata a 2023. Abin da na lura da shi, a nan mutum ake bi, tutar jam'iyya tana biye.

Ɗan garinmu, Farfesa Attahiru Jega, ya shugabanci INEC daga 2010 zuwa 2015, ya kawo na'urar tantance katin zaɓe. Duk da haka fitowar masu zaɓen shugaban ƙasa ta sauko daga kashi 69 cikin ɗari a 2003 zuwa kusan 27 a 2023. Wani ɓangare na tsofaffin alƙaluman aringizo ne, na'ura ta rage shi. Sauran kuwa gajiya ce: manomin albasa a Aliero yana ganin fuskokin ba su canja ba, sai ya zaɓi ban ruwan gonarsa.